Daga ƙwarya zuwa baliz, daga kalangu zuwa dije: yadda buki ya yi tsada a ƙasarmu



Kwanan baya na halarci wani buki a wata unguwa ta Maraɗi. Washegarin kai amarya, da hantsi, masu haya sun zo suna kwance bash suna loda kujeru a amalanke, sai ga hayaniya a ƙofar gida. Yaron da ya kawo kayan kiɗa ne ya riƙe wan ango, wai saura cikon kuɗinsa, kuma an sa shi ya ƙara awa biyu bisa abin da aka yi magana. Wan ango yana ta rantsuwa ko dala babu a aljihunsa. Gwaggon amarya, wata tsohuwa da ta haura saba'in, tana zaune bisa tabarma tana kallonsu. Ta girgiza kai ta ce: "Ikon Allah. Mu lokacin da anka yi namu arme, makaɗi ba shi bin ango bashi. Waɗanda sunka yi rawa su ka biyan shi."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Yanzu ga lokacin bukukuwa ya kama, gidaje da yawa suna cikin lissafi, samari da yawa sun sa rana sun ɗaga, uwaye mata ba su barci. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwaya mu ga ta ina aka biyo har aka zo nan. Wanda ya san yadda nauyin ya taru, shi zai san wanda zai iya saukewa ba tare da ya ji kunya ba.

Zamanin wuri da dami

Kafin Faransawa su iso Damagaram a 1899, kuɗin ƙasar nan wuri ne. A karkara kuwa dukiya ita ce dami a rumbu, da akuya, da zane saƙi. Saurayi mai neman aure yakan tara abokansa su je gayya gonar surukai, ya kai goro, ya kai toshi ranar kasuwa ko ranar salla. Sadaki kuma iyayensa da baffanninsa ke haɗawa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da faɗin mafi ƙarancinsa, wato rubu'in dinari, zinariyar da nauyinta ya ɗan haura giram guda. Abin da ya ɗara haka yarjejeniya ce tsakanin gidaje biyu.

Ta ɓangaren amarya, uwa ke tara kayan ɗaki tun ɗiya tana ƙarama: ƙore masu zane, faifai, tabarmi, tukwane, ludayi, turmi da taɓarya. Mafi yawan waɗannan a gonar gida suke fitowa ko a hannun maƙwabta. Duma ake shukawa, kaba ake saƙawa, audugar zane mace ce ke kaɗa ta da mazari. Gara ma da ake kaiwa gidan ango, hatsi ne da man shanu da daddawa da gishiri, abin da ma'aurata za su ci har su zauna da gindinsu.

Abu biyu ya kamata mu lura da su a nan. Na farko, buki yana bin kaka. Sai amfanin gona ya shigo gida ake sa rana, don haka da abin da ke rumbu ake lissafi. Na biyu, kalmar "buki" kanta a bakin mata tana nufin gudummawar da ake kai wa juna. In kin kai wa ƙawarki abu ranar nata sha'ani, ranar naki za ta maido miki da ƙari, sau da yawa ninki. Ke nan nauyin aure a kan mutane da yawa yake, kuma kowa ya san abin da ake binsa.

Kiɗa ma a cikin wannan tsari yake. Kowane rukuni da nasa: kakaki da tambari na sarki ne, kalangu na mahauta ne da dandalin ƴan mata, gangar noma ta manoma ce. A cikin gida mata na kiɗan ƙwarya da shantu, ƴan mata na gaɗa da tafi, zabiya na waƙa, ana rangaɗa guɗa. Makaɗi ɗan gari ne, ya san kakan ango, ya san kakar amarya. Ba a yanka masa farashi. Ya zo ya buga, sanƙira ya kama kirarin mutum, wanda aka wasa ya yi kari da abin da ya sawwaƙa, wani wuri, wani riga, wani ya ce a zo a ɗauki dami in an yi girbi. Mai buki abin da ke kansa shi ne tuwo da goro da ɗan tukuici. Abin da gwaggo ke nufi ke nan.

Kada mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. An yi auren dole, an aurar da yara ƙanana, kuma maroƙi yakan yi wa marowaci zambo har ya rasa inda zai sa kansa. Gasa ma akwai ta. Sai dai gasar tana da iyaka, domin ba ka iya nuna abin da gonarka da danginka ba su bayar ba.

Gyaɗa ta kawo tamma, tamma ta kawo kwano

Da Turawa suka kafu, sai suka ce haraji da kuɗinsu za a biya. Wuri ya mutu a hankali, tamma da dala suka maye gurbinsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga shekarun 1930 noman gyaɗa ya bunƙasa a yankin Maraɗi, Tasawa, Magariya da Matamai. Kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe, suna sayen gyaɗa suna sayar da yadi da kwanuka. A 1945 aka ƙirƙiro kuɗin sefa. A wannan shekarar ce kuma gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin Maraɗi, aka dawo da mutane bisa tudu, aka yanka tituna, aka yi sababbin gidaje. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa.

Wannan kuɗi na gyaɗa shi ya fara sauya ɗakin amarya. Ƙwarya ta matsa gefe, kwanon sha da tasa da samira mai fure suka hau jere. Gadon kara ya ba gadon ƙarfe mai rumfa wuri. Zanen saƙi ya ragu, atamfa ta shigo. Duk waɗannan ba a shuka su a bayan gida, sai an je kanti da kuɗi a hannu. Daga nan uwa ta shiga sana'a gadan-gadan: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, ƙosai, ɗiya kuma ta ɗauki talla. Da yawa daga cikin ƴan matan da ba a sa lakkwal ba a wancan lokaci, tallan kayan ɗakinsu ne ya riƙe su.

Shi ma saurayi hannunsa ya fara kama kuɗi nasa na kansa, daga gayaunarsa ko daga cin rani a Kano da sauran biranen kudu. Ya samu ƴancin zaɓen wadda yake so ba sai ya jira baffa ba, amma kuma nauyin da dangi ke rabawa ya fara gangarowa kansa shi kaɗai.

Sai ga uraniyom. An fara haƙa a Arlit a 1971, aka ƙara da Akokan a 1978, kuɗi ya shigo baitulmali, ma'aikatan gwamnati suka yawaita. Mushe da ɗan duwan da mai aikin ofis suka zama angwayen da ake so, alhazan Maraɗi kuma kasuwancinsu da Najeriya ya kai inda ya kai. A wannan zamani ne baliz ta samu gindin zama: akwati cike da atamfa, leshi, takalma, jaka, turare, agogo. Abin da masu albashi da manyan ƴan kasuwa suka fara, cikin ƴan shekaru ya zama abin da ake jira daga hannun mai tura amalanke.

Kunce da jika hamsin

Janar Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa tana fitowa daga matsanancin fari. Mulkinsa ya tsani almubazzaranci, kuma tsadar aure na cikin abubuwan da ya sa wa ido. Aka kafa Ƙungiyar Matan Nijar, AFN, a 1975, aka farfaɗo da samariya, aka yi ta jan kunne a rediyo da tarurruka kan kashe-kashen buki da suna. Har yau dattawa suna tuna iyakar da aka sa, cewa kada sadakin budurwa ya wuce jika hamsin.

Shin ya yi aiki? A gaban malamai da shaidu, eh. Waliyyi ya faɗi jika hamsin ko ƙasa da haka, a shafa fatiha, kowa ya watse. Amma abin da aka rage a sadaki sai ya sake ɓullowa da wani suna: kuɗin gaisuwar uwa, kuɗin gaisuwar uba, kuɗin sa rana, kuɗin lalle, ga baliz tana ƙara nauyi. Hukuma tana iya jin abin da aka faɗa a ƙofar gida, ba ta iya shiga ɗakin uwar amarya ta ƙirga atamfa.

Akwai kuma dalilin da ya sa mata da yawa ba su karɓi kiran hannu bibbiyu ba, kuma dalili ne mai ƙarfi. Wata masaniyar tarihi ƴar Amurka, Barbara Cooper, ta zauna a Maraɗi ta yi hira da mata, ta fitar da littafi a 1997 kan aure a garin. Cikin abin da ta nuna akwai cewa kayan aure a wurin mace shaida ce ta darajarta da yawan mutanenta. Uwar da ta cika ɗakin ɗiyarta tana gaya wa dangin miji da kishiya cewa yarinyar nan tana da gata, a kiyaye. Ban da haka, kayan ɗaki mallakar mace ne. In aure ya mutu da su take fita, in yunwa ta zo su take sayarwa. Tambayi tsofaffi labarin yunwar 1984 da ake kira El Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, za su gaya maka gidaje nawa ne kwanukan jere suka saya wa tiyar hatsi. Ke nan wanda ya ce wa mace ta rage kayan ɗaki, asusunta ya taɓa, ko bai sani ba.

Karyewar sefa da zuwan wa'azi

Farashin uraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, aikin gwamnati ya yi wuya, albashi ya riƙa makara. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran guda na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tsalle, atamfar Holan ta fi ƙarfin talaka. Amma tsammanin mutane bai sauko ba. Gadon ƙarfe ma ya zama tsohon yayi, sai gadon formika da katifa da kabad, daga baya kujerun salo da talabijin da firji.

A daidai wannan lokaci wata murya ta ƙara ƙarfi. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta shigo Maraɗi da Ƙonni da sauran garuruwan iyaka a shekarun 1980, kuma bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙungiyoyin addini suka samu damar yin aiki a fili. Wa'azinsu kan aure a sarari yake: a sauƙaƙa sadaki, a bar bidi'o'in buki, a bar kiɗa da roƙo da cakuɗuwar maza da mata, a yi walima a kai amarya. Samari da yawa sun ji daɗin wannan, har waɗanda ba su shiga ƙungiyar ba, domin ya ba su hujjar da za su faɗa wa surukai ba tare da an ce rowa ce ba. Malaman ɗariƙa ma ba su taɓa goyon bayan almubazzaranci ba, saɓanin ya fi yawa kan kiɗa da al'adu. A gidaje da dama mandiri da waƙoƙin yabon Annabi (SAW) da waƙoƙin ƴan Islamiyya suka maye gurbin kalangu.

Sai dai abin da ya faru da dokar Kunce ya sake faruwa. An kori makaɗi daga ƙofar gida, amma walima ta koma babban taro mai bash da kujeru ɗari-ɗari da lemun kwalba. Wata masaniyar, Adeline Masquelier, ta rubuta yadda uwaye a Dogon Dutsi suka tsaya kan cewa ɗiya ba ta tarewa ba gado, duk wa'azin da za a yi. Doka ta gwada, wa'azi ya gwada, kowanne ya taɓa wani gefe, jimillar kuɗin kuwa ba ta sauka ba.

Yadda kuɗin kiɗa ya dawo kan mai buki

Mu koma kan kiɗa, tunda da shi muka fara. Rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, daga baya ya zama Muryar Sahel. Da shi mutumin Tawa ya ji Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram ba tare da ya je Zinder ba, mutumin Gure ya ji Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar kiɗan zamani ta ƙasa sunansa. Da kaset ya yawaita a shekarun 1970 da 1980, sai Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge suka shiga kowane ɗaki. Kunnen mutane ya saba da manyan mawaƙa, makaɗin unguwa ya fara zama ƙarami a idon ƴan mata.

A birane orkes ya shigo da jita da lasifika. Sa'adu Bori ya yi tashe daga Maraɗi, a Yamai ƙungiyoyi irin su Tal National suka yi suna a wuraren buki. Orkes kuwa yana da kaya masu tsada, yana da mota, yana da mutane da yawa, don haka ba zai zo bisa tsammanin kari ba. Sai an yi ciniki, an ba da kafin alƙalami. A nan ne al'adar ta juya.

Daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Kano suka mamaye gidajenmu da waƙoƙin fiyano. Ƴar Maraɗi ma, Fati Nijar, a can ta yi suna. Sai aka shiga yayin zuwa situdiyo a yi wa amarya da ango waƙa da sunayensu da na danginsu, abin da sanƙira ke yi da baki a da. Da salula da katin waƙa suka zo, kowane yaro mai kwamfuta da manyan lasifika biyu ya zama dije.

Duba abin da ya faru a nan, jama'a. A da baƙi ke biyan makaɗi, kowa daidai ƙarfinsa, bayan an buga. Yanzu mai buki ke biya tun kafin a buga, ya biya hayar kaya, ya sayi man gurup saboda wuta ba ta da tabbas. Kuma tsohuwar al'adar kari ba ta mutu ba, ta zama liƙi. Uwar amarya da ta riga ta biya dije, ita ce kuma za ta shiga fili ta yi ta manna takardun jika a goshin mutane don kada a ce ta gaza. An haɗa tsarin da da na yanzu, ana biyan duka biyun.

Ga kuma yawan zama. Kamu daban, sa lalle daban, wunin uwaye daban, na ƙawaye daban, fatin abokan ango daban, ga jerin gwanon motoci da babura ranar kai amarya. Kowane zama da bash ɗinsa da abincinsa da kiɗansa, wani lokaci da iniform ɗinsa. Tun rufe iyakar Najeriya a 2019 da takunkumin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023, kowa ya ga yadda shinkafa da mai da sukari suka tashi. Mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne a wata. Wanda ke kan wannan albashi, in buki ya ci masa miliyan guda, ya ci aikinsa na kusan wata 24, ko da bai sayi ko ƙwayar hatsi ba a tsawon lokacin. Manomi da ɗan kabu-kabu kuwa ko wannan tabbacin ba su da shi.

To, mene ne abin yi?

Tarihin nan ya nuna cewa faɗin "a rage" kawai ba ya isa, an faɗa shekara hamsin. Abin da na ga zai taimaka shi ne a raba kashe-kashen gida biyu, kamar yadda kakanninmu suke yi ko ba su rubuta ba. Akwai abin da ke zama bayan buki: sadaki, gado da katifa, tukwane, suturar da za a sa shekara da shekaru, hatsin gara, kuɗin hayar ɗaki, jarin sana'ar amarya. Akwai abin da ke tashi da taro: bash, kujeru, lemu, man motoci, kiɗa, liƙi, hoto, iniform na rana guda. Uwayen da suka ƙi a taɓa kayan ɗaki suna da gaskiyarsu, domin na farkon dukiyar ɗiyarsu ce. Wuƙar ragi a kan na biyun ya kamata ta fara sauka.

A ɗauki takarda a ja layi a tsakiya. Misali, a ce abin da ke hannunka jika 600 ne. Kafin ka yi maganar dije ko bash, ware sadaki, ware hayar wata uku ko huɗu, ware buhun hatsi da kuɗin cefanen watan farko, ka ajiye wani abu don rashin lafiya. Abin da ya saura shi ne kuɗin shagali, ko jika 150 ne ko ƙasa da haka. In ka fara da shagali, abin da zai saura wa zaman gidan shi ne bashi. Ka tuna kuma, in Allah ya kawo rabo, kafin shekara ta zagayo ga ragon suna yana jiranka.

Kafin a sa rana, gidajen biyu su zauna, kuma lalle uwaye mata da gwaggwanni su kasance a wurin. Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne maza su yanke magana a zaure, alhali masu ɗaukar nauyin suna cikin gida. A faɗi adadin atamfar baliz, a faɗi yawan zaman da za a yi, a faɗi wanda zai ɗauki abincin kowace rana. Abin da aka faɗa gaban mutum shida yana da wuyar ƙaruwa a ɓoye. In an ce iniform, guda ta isa, kuma a zaɓi wadda ƴar uwa mai ƙaramin ƙarfi za ta iya saya ba ta ci bashi ba.

Ke kuma uwar ɗiya, Hajiya, littafin bukinki da kike rubuta wadda ta kawo da abin da ta kawo, ki tuna bashi ne kike rubutawa. Duk jikar da aka kawo miki yau, gobe da ƙari za ki mayar. Kada ki karɓi kaya a kanti bisa tsammanin gudummawar da ba ta shigo hannu ba, domin ƙawar da kike jira ita ma ƙila nata ya sha mata kai. In adashi za ki shiga, ki shiga tun da wuri, ki nemi kwasarki ta faɗo kusa da ranar. Gona da filin gado kuwa, don Allah a bar su. Ba a sayar da abin da ke ciyar da gida kowace shekara don wunin da zai wuce kafin magariba.

Game da kiɗa, kowane gida da fahimtarsa. Wanda ya zaɓi walima ba kiɗa, ya huta da wannan babi, sai ya kula kada abincin ya cinye abin da ya tsira. Wanda zai yi kiɗa, ya yi zama guda mai kyau maimakon uku. Ku yi magana da dije ko mai orkes gaban shaida: ƙarfe nawa zai fara, ƙarfe nawa zai tashi, nawa ne in an ƙara awa, wa zai sayi man gurup, kuma kuɗin liƙi na wane ne, nasa ko na amarya. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ke haddasa rigima a gidaje da yawa. In shi zai kwashe liƙi, to farashinsa ya sauko. A ba shi rabi kafin, rabi bayan ya gama, kuma a damƙa cikon a hannun mutum guda da ba zai taɓa shi ba.

Ku zauna da shi ku zaɓi waƙoƙin tun kafin ranar. Waƙar habaici ga kishiya ko uwar miji tana iya ɓata zumuncin da za a yi shekaru ana gyara. A kashe kiɗa lokacin salla, a tashi da wuri saboda maƙwabta, akwai marar lafiya, akwai mai jariri. In za a yi waƙar situdiyo, ku saurari sunayen kafin ku cika kuɗi, domin mantawa da sunan gwaggo guda ya isa ya jawo fushi. Kuma kada ku raina na gida. Masu kalangu da gurmi da matan kiɗan ƙwarya suna nan a garuruwanmu, ba su buƙatar gurup, sun san kirarin gidanku, kuma tsofaffi sun fi sakin jiki da su. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Bukin ɗiyar Alhaji da kuka gani a salula, ba ku ga rumbun da aka ɗebo shi ba.

Ku kuma abokan ango, ƴan fada, gudummawarku tana da amfani in kun sa ta inda ya dace. Maimakon ku haɗa kuɗi ku yi hayar motoci goma da za su zaga gari, ku saya wa abokinku buhun shinkafa da na gawayi, ko ku biya masa hayar wata biyu. Gayyar da kakanninku suke yi a gonar surukai, irin wannan ce.

Wataƙila kuna son jin yadda rigimar da na fara da ita ta ƙare. Da hayaniya ta yi yawa, maƙwabta suka fara leƙowa, sai uwar amarya ta aika gidan ɗiyarta aka buɗe baliz aka zaro atamfa guda, sabuwa ko ɗinki ba a kai ba. Wata yarinya ta kai wa dillaliya, aka sayar da ita ƙasa da kuɗinta, aka sallami mai kiɗa. Amarya tana lulluɓe a ɗaki, ko buɗar kai ba a yi ba, dukiyarta ta fara raguwa don biyan rawar da wasu suka taka. Gwaggo ba ta ƙara cewa komai ba, ta naɗe tabarmarta ta shiga ciki.

Allah ya ba masu nema mataye da mazaje na gari, ya rufa wa iyaye asiri, ya sa albarka a auren da aka ɗaura da waɗanda za a ɗaura. Wanda ke da dattijo a gida, ya tambaye shi yadda aka yi nasa, za ku ji abin da ya fi wanda na faɗa. Sai wani jiƙon, in Allah ya kai mu.